Waiwaye: Su wa ake ɗaga wa allurar shawara, kuma tun yaushe?

A asibitocinmu sai jariri ya cika wata tara ake yi masa rigakafin zazzaɓin shawara, kuma ba a yi wa wanda bai kai wata shida ba ko da annoba ta ɓarke. Wahala ce ta koya wa likitoci wannan ƙa'idar.

A 1927 aka samo ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi. Ita wani masanin kimiyya mai suna Max Theiler ya yi ta raunanawa har ya fitar da rigakafin 17D a 1937, wanda ake rainonsa cikin ƙwan kaza har gobe. Shi ya sa ma'aikaciyar lafiya kan tambaya, "Ƙwai yana tayar masa da borin jini?" Wanda ƙwai kan sa ya kumbura har numfashi ya sarƙe masa, sai likita ya duba shi tukuna.

Faransawa kuwa, a da nasu rigakafin daban ne. A Dakar ake haɗa shi daga ƙwaƙwalwar ɓera, a ɗan karce fata a shafa, aka kuma wajabta shi a ƙasashen da suke mulka, har da Nijar. Ya danne cutar sosai, wannan ba musu. Sai dai yara sun yi ta kamuwa da kumburin ƙwaƙwalwa, aka hana yi wa ƙanana, a 1982 aka daina haɗa shi gaba ɗaya. Shi ma 17D an ga irin haka jefi-jefi ga jarirai 'yan watanni, dalilin sa iyakar wata shida ke nan.

Dattawa sun shigo lissafi a makare. A 2001 aka fara ba da rahoton mutanen da allurar ta zame musu tamkar cutar kanta, ta taɓa hanta da ƙoda. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, amma tun daga nan ake auna wanda ya haura shekara 60 kafin a yi masa, musamman in karon farko ne. Mai raunin garkuwar jiki, kamar mai shan maganin cutar daji, ba a yi masa. Mai ciki da mai shayarwa a kan jinkirta musu, sai in cutar na kusa.

Mura da ɗan tari fa? Ba sa cikin jerin, duk da iyaye da yawa kan koma gida da yaro saboda su. Zazzaɓi mai zafi ne ke sa a ce a dawo in ya warware. Matafiyin da ke da uzuri na gaske kuma, likita kan rubuta masa takardar shaidar cewa ba za a yi masa allurar ba, ya haɗa da katin rawaya, wato katin shaidar rigakafi na matafiya.