Dokar Taubira: Abin da Faransa ta amsa kan cinikin bayi, da abin da ta ƙi amsawa

Ranar 10 ga Mayu, 2001, majalisar dattawan Faransa ta kammala amincewa da wata gajeriyar doka mai sassa biyar kacal, aka sa mata hannu ranar 21 ga watan. Ana kiranta Dokar Taubira, da sunan Christiane Taubira, 'yar majalisa daga yankin Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka, wadda ta gabatar da ƙudurin tun 1998. Da ita ce Faransa ta zama ƙasa ta farko da ta rubuta a doka cewa cinikin bayi da bautar da mutane laifi ne na cin zarafin bil'adama.

Nauyin wannan magana ba ya bayyana sai an san abin da dokokin ƙasar suka taɓa faɗa. A 1685, zamanin Sarki Louis na 14, aka fitar da kundin dokokin bauta mai suna Code Noir, wanda sashensa na 44 ya jera bawa cikin kayan mallaka. Ana gadonsa, ana sayar da shi, ana biyan bashi da shi. Jiragen Faransa sun kwashe 'yan Afirka fiye da miliyan ɗaya zuwa gonakin rake, kuma daga tashar Nantes kaɗai an yi irin wannan tafiya sama da 1,700. An soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, sai ranar 27 ga Afrilu, 1848 aka haramta ta gaba ɗaya.

Sashe na farko shi ne zuciyar dokar. Ya ce Jamhuriyar Faransa ta amince cewa cinikin bayi ta Tekun Atlantika da ta Tekun Indiya, da bautar da aka yi tun daga ƙarni na 15 a nahiyar Amurka da tsibiran Karibiyan da yankin Tekun Indiya da Turai, laifi ne na cin zarafin bil'adama. Ya kuma ambaci waɗanda aka zalunta: 'yan Afirka, 'yan asalin Amurka, mutanen Madagaska da Indiyawa. Mai karatu zai lura ba a ambaci fataucin bayi ta Hamadar Sahara ba, kuma masu suka sun daɗe suna nuna wannan giɓi. Suna da hujja, amma ni ina ganin wanda ya tashi amsa laifi, da nasa ya kamata ya fara.

Sashe na biyu ne ya fi taɓa rayuwar yau da kullum. Ya umarci a bai wa wannan tarihi matsayin da ya cancanta a manhajar makarantu da binciken jami'o'i. Akwai wata jimla a cikinsa da nake matuƙar girmamawa: ta ce a haɗa takardun tarihi da ke ajiye a Turai da labaran baka da abubuwan da aka tono a ƙasa a Afirka da Amurka da Karibiyan. Littafin kyaftin ɗin jirgi yana ɗauke da adadin mutanen da aka loda da na waɗanda suka mutu a hanya, amma babu sunan garinsu a ciki, babu abin da uwayensu suka ce da gari ya waye ba a gan su ba. Wannan yana bakin jikoki, kuma doka ta yarda cewa shi ma shaida ne.

Sashe na uku ya ce gwamnati ta kai wannan buƙata gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da Majalisar Turai (Council of Europe). Na huɗu ya kafa kwamiti, ya kuma buɗe hanyar ware ranar tunawa, shi ya sa tun 2006 ake bikin 10 ga Mayu a faɗin Faransa. Yankunan Faransa na ƙetare suna riƙe da nasu ranakun, Martinik 22 ga Mayu, Gwadelup 27 ga Mayu, Reyuniyon 20 ga Disamba. Na biyar ya bai wa ƙungiyoyin kare mutuncin jikokin bayi damar shiga ƙara idan an yi musu ɓatanci ko kalaman wariyar launin fata.

To, me dokar ba ta yi ba? Ba ta tanadi hukunci ga kowa ba. An gwada ta a kan wani attajiri a Martinik da ya fito a talabijin yana cewa bauta tana da ɓangarori masu kyau. A watan Fabrairun 2013 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta ce dokar furuci ne na amincewa kawai, ba za a hukunta mutum da ita ba. Sai a 2017 wata doka dabam ta sa yabon bautar da mutane cikin laifuffuka.

Babban giɓin shi ne diyya. Ƙudurin Taubira na asali yana da sashen da ya nemi a kafa kwamiti ya auna ɓarnar, ya duba yadda za a biya. An cire shi tun a matakin kwamitin majalisa. Abin da ya sa wannan ke ci wa mutane rai shi ne Faransa ta taɓa biyan diyyar bauta, amma ga iyayen gijin bayi. Dokar 1849 ta ware musu faran miliyan 126, mutum kusan 250,000 da aka 'yanta kuwa suka fita hannu rabbana. Kafin nan, a 1825, an tilasta wa Haiti, ƙasar da bayi suka ƙwaci 'yancinsu da jininsu, ta amince da biyan faran miliyan 150 ga tsoffin masu gonaki, daga baya aka rage zuwa miliyan 90. Ƙasar da ta iya lissafa asarar ubangida har zuwa faran na ƙarshe, da wuya a yarda da ita idan ta ce asarar bawa ba ta lissafuwa.

Ƙungiyoyi a Martinik sun ɗauki Dokar Taubira suka tafi da ita kotu tun 2005 suna neman gwamnati ta biya. A watan Yulin 2023 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da buƙatarsu.