Arrive (kalmar Turanci)

Arrive kalmar aikatau ce a Turanci, ma'anarta ta asali ita ce mutum ko wani abu ya kai ƙarshen tafiyarsa, wato ya isa inda ya nufa. Ana furta ta kamar "arayib", da ƙarfi a gaɓa ta biyu, a rubutu kuma r ɗin biyu ne, nan ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe. In abin ya riga ya wuce sai a ce arrived, in ana cikin yi arriving, sunan da aka ciro daga cikinta kuma shi ne arrival.

Asalinta

Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce, aro ce daga tsohon Faransanci, ariver, kuma ta shiga Turanci ne a wajajen ƙarni na 13, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 harshensu ya zama na fada da kotu. Su ma Faransawan daga Latin suka gaje ta, ad ripam, wato zuwa gaɓar ruwa. Kenan tun farko maganar jirgin ruwa ce, a ce ya kawo bakin ruwa ya tsaya, daga baya ne ta faɗaɗa ta haɗa da mai doki da mai tafiya a ƙasa har zuwa jirgin sama na yau. Ita ma river ta kogi daga wannan tushen na ripa ta fito.

Yadda ake amfani da ita

Nan ne aikin yake. Arrive ba ta ɗaukar sunan wuri kai tsaye, sai an sa wata 'yar kalma a tsakani. In gari ne ko ƙasa sai a ce arrive in, kamar arrive in London, in kuma wuri ne takamaimai irin tasha ko makaranta ko asibiti ko filin jirgi sai arrive at. Da home ko here ko there ba a sa komai, arrive home kawai. Wadda malamai suka fi jan jan biro a kanta ita ce arrive to, saboda mutum ya saba da go to da come to sai ya ɗauka nan ma haka ne, alhali a daidaitaccen Turanci ba a so. Ita reach, mai ma'ana kusa da tata, akasin haka take, kai tsaye take kama wurin, reach Kano, ita kuma get sai da to.

A jaridun Najeriya za ka yi ta ganin kanun labari irin wane arrives Abuja babu in ɗin, abin ya zauna sosai har mai karatu ba ya jin wani baƙon abu, amma a jarrabawa kuskure za a lissafa shi. Abin sha'awa shi ne a Turancin da can ma an yi hakan, har a rubutun Shakespeare akwai inda ta zo babu kalmar tsakani.

Wani bambanci da ya kamata Bahaushe ya lura da shi, mu muna raba isa da iso, in ka ce ya isa to can ne nesa da kai, in ka ce ya iso to wajenka ya zo. Arrive ba ruwanta da wannan, kalma ɗaya ce ta ɗauke duka biyun har da sauka, sai dai a gane daga yanayin maganar. Shi ya sa mai fassara in bai san inda mai maganar yake tsaye ba zai iya sa isa a inda iso ya dace.

Sauran ma'anoni

Ba mutum kaɗai ke arrive ba. Wasiƙa da kaya da abincin da aka yi oda duk suna yi, lokaci ma haka, a ce ranar da ake jira ta zo. Jariri in an haife shi ana kiransa new arrival. Sai arrive at a decision ko conclusion, wato a cimma matsaya bayan an daɗe ana tufka da warwara, ba a cika faɗinta ga shawarar da aka yanke nan take ba. A filin jirgi allon Arrivals na masu sauka ne, Departures na masu tashi, ETA kuma lokacin da ake sa ran isowa kenan. Likitoci suna da dead on arrival, ga wanda rai ya yi halinsa kafin a kai shi asibiti.

Akwai kuma he has arrived, wato wane ya samu duniya, ya yi kuɗi ko suna har an san da zamansa, kuma ana jin ta sosai a bakin 'yan Najeriya. Ta yi kusa da yadda muke cewa wane ya isa ko isasshe ne, duk da mu tamu ta fi karkata ga iko. A Nijar da ake boko da Faransanci 'yar uwarta arriver ake ji, ita har ma'anar faruwa tana da ita, kuma in ka kira mutum ya ce j'arrive to ina zuwa yake nufi, bai iso ba tukuna.