Me ake nufi da "wasa mai tsafta"?

Da wuya a kammala shirin wasanni a rediyo a 'yan kwanakin nan ba a ji wani ya ce an yi "wasa mai tsafta" ba, kuma 'yan siyasa sun ari kalmar sun yafa, har ta kai duk wanda ya ci zaɓe sai ya ce an yi zaɓe mai tsafta. Da ita ake fassara abin da Turawa ke kira fair play, kuma fassarar ba ta da aibu. Aibun yana wajen ma'aunin da masu sharhi ke ɗauka, domin da zarar an tashi wasa alƙali bai ɗaga kati ba, sai su yanke hukuncin cewa an yi tsafta. Alhali yawan kati ba ya nuna komai face abin da alƙali ya gani, kuma ya ga damar hukuntawa.

Hukumar FIFA na da hannu a wannan ruɗani. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Japan da Senegal sun yi kunnen doki a maki da yawan ƙwallaye, karawarsu ma 2-2 aka tashi, sai aka koma ƙirga katin gargaɗi da sunan makin tsafta. Japan na da kati 4, Senegal na da 6, aka sallami Senegal. Ita kuwa Japan, da ta ji labarin sakamakon ɗaya filin da Senegal ke wasa, sai ta shafe kusan minti goma na ƙarshe tana mirgina ƙwallo a bayanta alhali Poland na cin ta 1-0, 'yan kallo na yi mata ihu. Wannan ce ƙungiyar da aka ce ta fi tsafta.

Wasan da ya fi kowanne tona asirin wannan ma'auni shi ne wasan harbin fenti, wanda Turawa ke kira paintball. An fara shi a watan Yunin 1981 a dajin Henniker da ke jihar New Hampshire ta Amurka, inda mutum 12 suka fafata da bindigogin Nel-Spot, waɗanda asalinsu don sanya wa bishiyoyi da shanu alama aka ƙera su. Yau ya zama gasa ta ƙwararru a ƙarƙashin hukumomi irin su NXL (National Xball League) ta Amurka, wadda ke yin babbar gasarta ta ƙarshen shekara a Kissimmee ta jihar Florida. Mutum biyar ke fuskantar biyar a fili mai shingaye na roba da ake hura wa iska, kowa da abin rufe fuska, suna harbin juna da ƙwayoyi masu ɓawo mai laushi irin na maganin kafso, cike da ruwan fenti. Dokar farko mai sauƙi ce: wanda ƙwaya ta fashe a jikinsa ko a kayansa ya fita. Idan ta buge shi ta yi tsalle ba ta fashe ba, yana nan.

Sai dai wanda ya fara sanin an harbe shi shi ne mai jikin, kuma sau da yawa yana durƙushe bayan shinge inda ba kowane ido ke kai wa ba. Daga nan cogen da ya fi shahara a wasan ya samo asali, wato gogewa. Ɗan wasa zai ji ƙwaya ta fashe a gwiwar hannunsa, sai ya yi kamar yana gyara zama, ya murza wurin a jikin shinge, ko ya yi sufa ya zame a kan ciyawa ta yadda kafin ya miƙe tabon ya tafi. Alƙali ya rugo ya duba shi sama da ƙasa, bai ga komai ba, sai ya yi alamar a ci gaba, kuma kalmar da ake faɗa a wannan lokaci ma'anarta ita ce ɗan wasan yana da tsafta. Ke nan a wannan fili rigar da ta fi kowace haske tana iya zama ta babban macuci, mai gaskiyar kuwa shi ne wanda ya ɗaga hannu ya fita da tabo a kafaɗa tun kafin kowa ya lura.

Masu tsara dokokin sun san da haka, shi ya sa suke baza alƙalai da yawa a ƙaramin fili, kuma suka sa hukuncin ya shafi ƙungiya baki ɗaya. Wanda aka kama yana ci gaba da wasa bayan an harbe shi, ana fitar da shi tare da abokin wasansa ɗaya ko biyu gwargwadon girman laifin, gogewa kuma tana cikin laifukan da suka fi tsanani. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda dokar ta raba tabo gida biyu: wanda ake ganin dole ɗan wasa ya ji shi ko ya gan shi, kamar na gilashin fuska ko na hannu, da wanda zai iya faɗa masa bai sani ba, kamar na ɗamarar gorunan ƙwaya da ke bayansa. Hukuncin na farko ya fi nauyi. Wato dokar da kanta ta yarda cewa abin da take son aunawa niyya ce, amma da yake ba ta iya leƙa zuciya, sai ta koma yin kirdado da wurin da fenti ya sauka.

Dokokin kayan wasa ma tarihin wannan tsere ne tsakanin doka da dabara. An ƙayyade gudun ƙwaya kada ya wuce ƙafa 300 a sakan ɗaya, kimanin mita 91, saboda kare lafiya, ana kuma auna bindigogi da na'ura kafin wasa, wani lokaci har ana tsakiyarsa. An iyakance yawan tufafi da soson da ake cusawa a ciki, domin wasu sun gano cewa kaya masu taushi na sa ƙwaya ta yi tsalle ba ta fashe ba. An hana kaya masu launin da zai saje da fentin gasar. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dokoki shaida ce cewa wani ya taɓa cin riba ta wannan kafa kafin a toshe ta.

Mafi ban mamaki shi ne batun kunamar bindiga. Asalin ƙa'idar ita ce danna ɗaya, ƙwaya ɗaya. Da bindigogi masu lantarki suka shigo, sai aka riƙa ɓoye musu tsarin da ke ƙara harbi fiye da abin da yatsa ya danna, kuma ana iya kashe shi kafin alƙali ya karɓi bindigar ya gwada. Da kamun ya gagara, a tsakiyar shekarun 2000 wasu manyan gasanni suka halatta abin ga kowa, suka sa masa iyaka ta ƙwaya 15 a sakan, daga baya aka yi ta ragewa har ta dawo kusan 10. Abin da jiya yake maguɗi yau ya zama ƙa'ida, ba tare da halin ko mutum ɗaya ya canza ba. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa bin doka daban, tsafta daban, ko da yake sukan haɗu a hanya. Ɗan siyasar da ke kafa hujja da cewa kotu ba ta soke zaɓensa ba, maganar goge tabo yake yi.

Akwai kuma ɗaya gefen da masu ƙirga kati ba su da wurin ajiye shi, wato a karya tsafta ba tare da an karya doka ba. A watan Fabrairun 1999, a wasansa na farko a Arsenal, Nwankwo Kanu ya shigo ana karawa da Sheffield United a gasar kofin FA. Mai tsaron ragar Sheffield ya fitar da ƙwallo waje don a duba wanda ya ji rauni, Ray Parlour ya yi jifa da nufin mayar musu, sai Kanu ya tare ta ya ruga ya ba Marc Overmars ya zura a raga. Babu dokar da ta hana, don haka alƙali ya amince da cin, aka tashi 2-1. Kocin Arsenal na lokacin, Arsène Wenger, ne da kansa ya nemi a sake wasan, hukumar ƙwallon Ingila ta yarda, aka sake bayan kwana goma, Arsenal ta kuma ci 2-1. Da ma'aunin masu sharhinmu, cin da Overmars ya yi a wasan farko ba shi da tabo ko kaɗan, tunda babu katin da aka ɗaga wa Kanu saboda shi, kuma babu layin da za a rubuta tayin Wenger a takardar alƙali.