Tantance buƙatun horo a wuraren aiki a Yamai

Tantance buƙatun horo bincike ne da ma'aikata ko kamfani ke yi kafin a tura mutum koyon wani abu, domin a gane giɓin da ke tsakanin yadda aiki ke tafiya yanzu da yadda ya kamata ya tafi. Daga binciken ake fitar da abin da ake sa ran ma'aikaci zai iya yi in horo ya ƙare. A Yamai ana yin sa a ma'aikatun gwamnati da bankuna da asibitoci da ƙungiyoyin agaji. A gareji da shagon tela ma ana yi, sai dai babu takarda.

Asali

Tun kafin zuwan Turawa, sana'o'in ƙasar Hausa suna da tsarinsu na auna mai koyo. Ƙira, aski, fawa da gini kowace na da sarkinta, yaro kuma yana tashi ne a hannun maigida. Idon maigida shi ne ma'auni, kuma ma'auni ne mai kyau, don kullum yana kan aikin. A shagon tela galibi yaro yana farawa da guga da sa maɓalli, daga nan ya hau keke yana bin layi a kan takarda ko ƙyalle, ba a miƙa masa almakashi ya yanka shaddar mutane sai can ƙarshe, saboda kuskuren yanka ba ya gyaruwa. In maigida ya ce "hannunsa bai faɗa ba tukuna", ya tantance buƙata ke nan. Ranar da ya bar shi ya yanka riga shi kaɗai, yaye ya kusa. Haka abin yake har yau wurin maƙera da masu zubin tukwane na kasuwar Katako.

Tsarin da aka rubuta ya taso ne daga Amurka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu sun ɗauki ɗimbin sababbin hannu, dole ta sa aka rarraba kowane aiki daki-daki don a koyar da shi da sauri. A 1959 Donald Kirkpatrick ya bayyana matakai huɗu na auna horo. A 1961 William McGehee da Paul Thayer suka raba binciken buƙatu gida uku, wato ma'aikata, aiki da mutum, sai Robert Mager a 1962 ya tsaya kan yadda ake rubuta manufar koyarwa. A Faransa, dokar watan Yuli 1971 ta wajabta wa kamfanoni sa kuɗi a horar da ma'aikatansu, kuma ƙasashe da dama masu aiki da Faransanci sun bi irin wannan hanya.

Yadda ake binciken

Ana duba ma'aikatar kanta: ina ta dosa, wane sabon inji ko sabuwar doka ke tafe. Ana duba aikin: me ake yi, da wane kayan aiki, ina aka fi yin kuskure. Sai a duba mutum ɗaya-ɗaya. Hanyoyin sun haɗa da hira da shugaban sashe, takardar tambayoyi, duba rajistar aiki da ƙorafin jama'a. Wadda ta fi ba da gaskiya ita ce mai bincike ya tsaya a wurin ya ga aikin da idonsa, domin ma'aikaci kan ji nauyin cewa bai iya ba, shugaba kuma kan ɗora wa na ƙasa laifin abin da ba nasu ba ne.

Ba kowane giɓi horo ke cikewa ba. Bakanike da ya ƙware a tsofaffin motoci, in aka kawo masa mota mai kwamfuta ya kasa karanta abin da na'urar gano matsala ke nunawa, wannan yana buƙatar horo. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani da ke makara da rahoton wata saboda babu fom, ko wuta na ɗaukewa, ko ita kaɗai ce a kan aikin mutum uku, ko an tura ta taro goma rahoton zai ci gaba da makara.

Sakamakon da ake sa rai

Mager ya ce manufa ta nuna abu uku: aikin da za a ga mutum yana yi, yanayin da zai yi shi, da mizanin da za a karɓa. Misali, a horon masu haɗa wutar lantarki ta hasken rana, "Su fahimci wutar rana" ba a iya auna shi. "Ya haɗa faifai da batir da na'urar daidaita caji shi kaɗai, ya gwada da mita, babu waya a juye" kowa na iya gani. Matakan Kirkpatrick kuwa su ne: ko mahalarta sun gamsu, ko sun koya, ko aikinsu ya sauya bayan sun koma, da ko ma'aikatar ta amfana. Na farko ya fi sauƙi, shi ya sa ake yawan tsayawa a takardar da ake cikewa ranar rufe taro.

Hukumomi da kuɗi

A Nijar, dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ce ke tsara dangantakar ma'aikaci da mai ba shi aiki. Kamfanoni na biyan harajin koyon sana'a a kan albashin da suke bayarwa. Asusun FAFPA, wanda aka kafa wajen 2007 da wani suna mai kama da wannan, yana tallafa wa horon ma'aikata da ƴan koyo. Hukumar ANPE tana kula da masu neman aiki, makarantar ENA kuma da jami'an gwamnati.

Saɓani

Ana sukar kuɗin zaman taro da cewa suna sa a zaɓi mahalarta da sanayya; wasu na ganin in babu su ƙaramin ma'aikaci ba zai iya zuwa ba. Akwai kuma batun harshe: yawancin takardun horo da Faransanci suke, masu sana'a da yawa kuwa da Hausa ko Zabarmanci suke aiki. Kundin tsarin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.