Waiwaye: Shekarar da aka garƙame masallatan Juma'a

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A wannan rana ce kuma Saudiyya ta dakatar da shigar baƙi masu zuwa Umara. Kafin Maris ya ƙare, an hana jam'i a masallatan Saudiyya, hotunan Ka'aba babu masu ɗawafi suka karaɗe wayoyin mutane. Da yawa sun yi kuka.

A Arewa abin ya zo da zafi. Gwamnatin Kaduna ta haramta taruwa a masallatai da coci-coci, har aka kama limamai biyu da suka ja sallar Juma'a. A Kusada ta jihar Katsina, kama wani malami ya sa matasa suka cinna wa ofishin 'yan sanda wuta. A Nijar ma an yi arangama a Yamai da Mirriya, sai a tsakiyar Mayu aka buɗe wuraren ibada. Azumin shekarar ya kama Kano cikin kulle: babu taron tafsiri, babu asham a unguwanni da dama, ga kuma gawawwakin dattawa ana ta kaiwa makwanci.

Ta fuskar doka gwamnati na da madogara. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda lafiyar jama'a. Ta fuskar shari'a ma malaman da suka goyi bayan rufewar ba su rasa hujja ba. Sun tuna yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da kuma yadda Ibn Abbas ya sa ladani ya ce a yi salla a gida ranar ruwan sama.

To me ya sa talaka ya ƙi yarda? A ganina matsalar amana ce. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 lokacin sanƙarau ba, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan ga abin da ido ke gani: a buɗe kasuwa a ranakun sassauci, jama'a su cakuɗe, masallaci kuwa na garƙame. "Cutar ba ta zuwa kasuwa ne?" Tambayar da aka riƙa yi ke nan, kuma ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Da ƙaramar salla ta ƙarato, gwamnatin Ganduje a Kano ta amince a yi Juma'a da Idi da takunkumi, alhali Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci ƙarƙashin Sarkin Musulmi na ba da shawarar a kauce wa taruwa. Aikin Hajjin shekarar kuwa, babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Najeriya.