Rabon lokaci a jarrabawar insha'i

Rabon lokaci a jarrabawar insha'i shi ne yadda ɗalibi ke kasa mintunan da aka ba shi tsakanin tambayoyin da ake amsawa da dogon rubutu. Ba kamar jarrabawar canki-canka ba, a nan sai an yi tunani, an tsara, sannan a rubuta da hannu. Ƙa'idar da malamai suka fi koyarwa ita ce kowace tambaya ta sami lokaci gwargwadon makinta.

Ana ganin rabon lokaci ƙarara a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, wadda ke shirya jarrabawa a Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Takarda ta biyu ta Turanci awa biyu ce, makinta 100. Insha'i yana da maki 50, kuma ana ba da shawarar a kashe masa minti 50 a rubuta kalmomin da ba su gaza 450 ba. Auna fahimta na da maki 20 da minti 30, taƙaitawa kuma maki 30 da minti 40. Wato waɗannan biyun sun fi cin lokaci idan aka kwatanta da makinsu, domin sai an karanta nassi an maimaita kafin a ɗora biro.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne insha'in kansa. Da yake shi ne a farko, sai ɗalibi ya saki jiki ya cika shafi bayan shafi, har mai sa ido ya sanar saura minti goma alhali bai taɓa taƙaitawa ba. Kuma tsawon bai cika amfanarsa ba: daga cikin maki 50 ɗin, 20 na iya sarrafa harshe ne, 10 na tsabtar rubutu, inda ake zaftare rabin maki kan kowane kuskure na nahawu ko ƙa'idar rubutu. Yawan rubutu cikin gaggawa kuwa yawan kuskure yake jawowa.

Shi ya sa ake son ɗalibi ya ɗauki 'yan mintuna ya karanta duka batutuwa biyar da aka bayar, ya zaɓi guda, ya jera kanun abin da zai faɗa, ya kuma rage ɗan lokaci na bita. A darussa irin su tarihi, inda tambayoyi kan zo da maki daidai, ana raba lokacin daidai ne, a fara da wadda aka fi iyawa.