Hassan Ya Kwanta Zazzaɓi, Husaini Ma Ya Bi Shi

A Tudun Wada ko Kawo, da zarar haka ta faru, sai ka ji tsofaffi na cewa ai tagwaye ransu ɗaya. Ɗaki ɗaya dai suke kwana, sauron damina kuwa ba ya zaɓe.

Masu kafa hujja da binciken da Thomas Bouchard ya fara a Jami'ar Minesota ta Amurka a 1979, kan tagwayen da aka raba tun suna ƙanana, sun wuce gona da iri. Abin da ya nuna shi ne gado yana da hannu a basira da hali. Bai ce ɗaya na jin ciwon ɗan'uwansa daga nesa ba.

Yawancin tagwayenmu ma daga ƙwai biyu suke, gadonsu kamar na wa da ƙane. Ko 'yan ƙwai ɗaya, zanen yatsunsu daban yake.